Bargon Ƙyalle: Yadda Ake Haɗa Shi Daga Ragowar Atamfa

Duk wadda ta taɓa shiga shagon tela ana saura mako guda Sallah ta san abin da ke tare a ƙarƙashin teburinsa. Ƙyallaye ne tsibi guda: ragowar atamfa, gefen shadda, inda aka fafe wuyan riga, da dogayen sili-sili da suka fita daga bakin zani. Da yamma yaron shago zai share su ya ɗura a buhu. Wasu a cusa su a matashin kai, wasu makanikai su karɓa su riƙa goge baƙin mai, saura kuwa sai bola ko wuta. Alhali kuɗi muka sa muka sayi yadin nan, turmi guda yadi 6, kuma a gida mai yawan mata abin da ke zuba ƙasa daga ɗinkin shekara ɗaya ya isa ya rufe gadon yaro. Ni daga irin wannan buhun na fara. Na roƙi telanmu ya riƙa ƙulle mini ragowar kayanmu a leda yana haɗowa da ɗinkin, bai ko tambaye ni dalili ba.

Abin da zan koya miki shi ne bargon ƙyalle, wanda Turawa ke kira kwilt. Hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa daga ƙananan ƙyallaye. Akwai ciki, wato abin da ke ba shi ɗumi da ɗan kauri. Akwai kuma shafi, yadi guda shimfiɗaɗɗe da ke bayansa. Bayan an jera ukun sai a bi su da ɗinki har su zama abu ɗaya. Na ce "miki" ne don mata suka fi tambayata, amma namijin da hannunsa ya saba da ɗinkin hula ya riga mu nisa a wannan aiki, don shi ya san riƙon allura tun tuni.

Mu a ƙasar Hausa mun san maho, mun san gwado da luru na masaƙa, amma haɗa bargo daga ƙyallaye ta wannan hanya sana'ar wasu ƙasashe ce, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. A Amurka ta fi yin suna. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, a inda kogin Alabama ya yi kwana ya kusa kewaye shi, mazaunansa baƙar fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Matan ƙauyen sun daɗe suna yanka tsofaffin wandunan aikin gona da riguna da suka mutu, su haɗa barguna, saboda gidajensu na katako ba sa riƙe ɗumi. A 2002 aka baje kolin bargunan a wani babban gidan kayan fasaha da ke Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda 10 a jikin kan sarki. A lardin Sindh na Pakistan ana yin irinsa, sunansa ralli. A Bengal mata kan jera tsofaffin sari hawa-hawa su bi su da ƙaramin ɗinki layi-layi, su ce masa kantha. Kusa da mu ma tufar faci tana da tarihi: Ansaru, mabiya Mahadi a Sudan cikin shekarun 1880, jibba mai faci ce alamarsu, haka kuma 'yan Baye Fall na Senegal har yau da tufar haɗe-haɗe ake gane su.

Na kawo waɗannan mutane ne don ki ga ba da kayan kanti suka fara ba. A bidiyon da ake gani a waya za ki ga wuƙa mai taya, da tabarmar yanka, da rula iri biyar, har mutum ya karaya ya ce wannan aikin masu hali ne. Abin da kike buƙata yana gidanku ko a kasuwar unguwa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, allura, zare, tef ɗin awo, rula, fensir, fil, da dutsen guga, na gawayi ko na lantarki. Guntun sabulun wanka da ya sirance yana zana layi a kan yadi mai duhu fiye da alli, kuma yana fita a wanki. Keken ɗinki yana rage lokaci, amma bargona na farko da hannu na yi shi tun daga fari har ƙarshe.

Zaɓen ƙyalle

A nan ake cin nasara ko a yi asara, tun kafin a zura zare a allura. Ki zazzage ledar a kan tabarma ki ware auduga zalla gefe guda. Leshi, boyel, yadi mai santsi da mai talewa, duk ki ajiye su don wani aikin. Dalili shi ne kowane yadi da yadda yake tsukewa in ya sha ruwa, da yadda yake ja a ƙarƙashin allura. In kika haɗa auduga da roba, ranar wankin farko ɗaya zai tsuke ɗaya ya ƙi, fuskar bargon ta yi ta ƙulu-ƙulu, kuma babu gugar da za ta kwantar da ita. Atamfar kasuwa a yanzu da yawa akwai roba a cikinta, ido kuma ba ya rabewa koyaushe. Ki zaro 'yan zarurruka daga gefe ki kanga musu ashana a kan faranti. Auduga za ta ci da sauri, ta yi ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Shadda ta auduga tana shiga, sai dai saƙarta a matse take, tana ba allurar hannu wahala, don haka ban so ta a bargon farko.

Tsohon zani ma yana shiga in da sauran ƙarfinsa. Ki ɗaga shi wajen haske, inda ya sirance kamar rariya ki kauce masa, ki yanka daga gefuna inda bai sha zama ba. Yadin da aka buga wa aya ko sunan Allah kada ya shiga ko kaɗan, don bargo abin zama ne da takawa, yaro ma zai yi fitsari a kai.

Sai wanki. Kowane ƙyalle, sabo ko tsoho, sai ya sha ruwa kafin almakashi ya taɓa shi, kuma kowane launi a robarsa. Wannan na koye shi ne da ciwon rai. A bargona na biyu na sa wani jan yadi da na saya a kasuwa, mai shagon ya tabbatar mini ba ya zuba, ni kuma na yarda ban gwada ba. Mako shida na yi ina ɗinki. Ranar da na tsoma bargon a ruwa, ina tsaye ina kallo ruwan bahon ya koma ja, fararen ƙyallayen duka suka rine, wasu ma shatar jan ta bi layin ɗinki kamar an zana da biro. Na wanke sau uku, bai koma ba. Tun daga ranar nake jiƙa kowane ƙyalle in goga shi a farin tsumma. In tsumman ya ɗauki launi, a sake wankewa har ruwan ya fita fes, in ya ƙi dainawa a fitar da shi daga aikin. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali. Yadin baba na karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, yana da kyau ƙwarai a bargo, amma shi sai an yi masa wanki da yawa. Kada ki dogara da zuba gishiri a ruwa, ban ga ya tsayar da rinin da ya yi niyyar zuba ba. Bayan shanya ki goge kowane ƙyalle ya kwanta sumul.

Atamfa tana da surutu. In kika jera goma kusa da juna kowace tana neman ido ya tsaya a kanta, ƙarshe babu wadda za a gani. Abin da ke fito da zanen bargo shi ne bambancin haske da duhu, ya fi launin kansa muhimmanci. Saboda haka a aikin farko ki sayi yadi guda na auduga marar zane, fari-fari ko ruwan madara ko ruwan toka mai haske, ya zama shi ke raba tsakanin atamfofin. In kina shakkar wanne ne mai duhu wanne ne mai haske, ki jera su ki ɗauki hoto da waya ki mayar da hoton baƙi da fari, nan take za ki gani.

Lissafi da yanka

Kada ki fara da bargon gadon aure. Ki fara da na yaro, faɗi inci 36, tsawo inci 48. Za mu yi shi da zanen da ya fi kowanne sauƙi, gida tara: murabba'i uku a jere, layi uku, kamar gidajen dara. Kowane tara ɗin nan da aka haɗa ni allo nake ce masa. Gida ɗaya in an gama ɗinki zai zama inci 4, allo ya zama inci 12, bargon kuma allo 3 a faɗi, 4 a tsawo, allo 12 ke nan, gida 108. Rabi atamfa, rabi yadi marar zane, 54 kowanne. Yadi ɗaya na marar zanen ya isa har da saura.

Ga inda masu koyo ke tuntuɓe. Ɗinki yana cin yadi, kuma a wannan sana'a abin da aka saba bari shi ne kwatan inci a kowane gefe. Gidan da kike so ya fito inci 4, inci 4 da rabi za ki yanka shi. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da ke awo da santimita, ku yanka santimita 12, ɗinki ya ci 1 a kowane gefe, gida ya fito 10, bargo ya zama 90 da 120. Kowanne kika ɗauka, ki tsaya a kansa har ƙarshe. Telolinmu sun saba barin yadi da yawa a cikin ɗinki don a buɗe riga in mai ita ta yi ƙiba, to a nan wannan al'adar ɓarna take yi. Ki duba: a faɗin bargon akwai gida 9, wato ɗinki 8 a tsakaninsu. In a kowane ɗinki kika zarce da rabin kwata kawai, kin ci rabin kwata daga dama, rabin kwata daga hagu, kwata guda ya tafi. Sau 8, inci 2 sun ɓace daga layi ɗaya. In layin da ke ƙarƙashinsa bai yi irin wannan kuskuren ba, kusurwoyi ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma ja da ƙarfi ba ya gyara shi.

Ki yi ma'auni mai tauri da za ki riƙa ɗorawa kina zagayewa. Kwali yana cinyewa a gefe bayan zagaye ashirin ko talatin, ma'aunin ya ƙanƙance ba ki sani ba. Roba mai faɗi daga jikin tsohuwar jarka ta fi, ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, shi har kina hango zanen atamfar ta cikinsa. Ki auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ki auna ɗaya ɓangaren, in tsawon biyun ya zo ɗaya to murabba'in ya daidaita. A bayan yadi ake zane, da fensir mai tsini. Ki lura da yadda zaren saƙar ya tafi, gefen ma'auni ya bi shi daidai. Gidan da aka yanka a karkace talewa yake yi kamar ɗanko, ya fi maƙwabcinsa tsawo da zarar an taɓa shi. Bakin atamfa inda ake rubuta sunan kamfani ki yanke ki yar. Kada ki tara hawa shida ki ce za ki yanka lokaci guda, almakashi yana tura na ƙasa ya kauce. Biyu-biyu ya isa. Yankan nan zai ci miki yamma biyu ko uku, kuma shi ne rabin aikin.

Da kin gama, ki shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa ki jera duka 108 ɗin, atamfa, marar zane, atamfa, marar zane. Allo 6 za su zo da atamfa biyar, sauran 6 da atamfa huɗu, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Ki koma bakin ƙofa ki hango. In ja ya taru a kusurwa ɗaya ki warwatsa shi. Wannan ne wurin da na fi so a duk aikin, nakan bar shi ya kwana a shimfiɗe in sake dubawa da hasken safe. In ya yi miki, ki ɗauki hoto, don yara ko iska za su iya hargitsa shi, sannan ki kwashe allo-allo ki maƙale kowanne da fil da 'yar takarda mai lamba.

Haɗa fuska

Ki ɗauki gida biyu ki kifa su fuska da fuska, gefuna daidai. In da hannu ne, ki ja layin fensir kwatan inci daga gefe, ki bi shi da ƙaramin ɗinki na shiga da fita, bayan kowane taku huɗu ko biyar ki koma baya taku ɗaya don ya kulle. Zaren kada ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, dogo harɗewa yake yi ya kuma sirance saboda yawan ja. Launin toka yana ɓacewa a cikin kusan kowace atamfa, shi nake saya. In da keke ne, ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama ki manna filasta a kan farantin keken, gefen yadin ya riƙa bin filastar. Ki tura biyu-biyu a jere ba tare da yanke zare ba, su fito kamar tutocin biki, daga baya ki rarraba.

Gida uku sun zama layi. Kafin ki haɗa layi da layi sai guga, kuma gugar nan ba irin ta kaya ba ce. Ɗora dutsen ake yi a danna a ɗaga, ba a ja, don ja yana miƙar da yadi ya ɓata awon da kika sha wahala a kai. Ki kwantar da bakin ɗinkin duka biyu zuwa ɓangaren atamfa, mai duhu, don kada inuwarsa ta nuna ta cikin mai haske. A nan akwai wani abin daɗi: tunda gidajen a saɓe suke, bakin ɗinkin layin sama zai kalli dama, na ƙasa ya kalli hagu, in kika kifa su sai su shige juna su tsaya cak. Da yatsa za ki ji shi, kamar murfi ya zauna a bakin kwano. Ki soka fil a daidai mahaɗar, sannan ki ɗinke. Mai dutsen gawayi ta riƙa sa tsumma a tsakani saboda toka da tartsatsi.

Allon farko da ya kammala, ki tsaya ki auna shi. Inci 12 da rabi ya kamata ya ba ki ta kowane gefe. In ya gaza ko ya zarce, ki nemo dalilin yanzu, ki farke ki sake, kafin ki yi goma sha ɗaya masu irin ciwonsa. Farke allo ɗaya aikin minti ashirin ne. Ni tsakanin la'asar da magariba nakan haɗa allo guda da hannu, a tsakar gida inda haske yake, don ɗinki a hasken fitila yana gajiyar da ido. Allunan su ma layi-layi ake haɗa su, uku-uku, sannan layuka huɗun su haɗu, a bi da guga ta ƙarshe.

Ciki da shafi

Masu wannan sana'a a ƙasashen sanyi suna sayen shimfiɗaɗɗiyar auduga ta musamman su sa a ciki. Mu sanyinmu na hunturu ne, wata biyu zuwa uku, sai ko mutanen Jos da Mambila da nasu ya fi tsanani. Bargo mai kauri a Sakkwato ko Maiduguri a cikin akwati zai ƙare. Na fi son hanyar matan Bengal: tsohon zani mai laushi hawa ɗaya ko biyu, ko zanin gado na auduga, ko siririn bargon da ya tsufa. Yana da sauƙin wanki, yana bushewa da wuri, allura kuma tana ratsa shi ba gardama. Soson katifa ki bar shi, zafi gare shi kuma yana marmashewa. Saɓin auduga da ba a shimfiɗa ba yana curewa wuri ɗaya in ya sha ruwa, sai dai in za a yi masa ɗinki kusa-kusa ƙwarai.

Shafi yadi ɗaya da rabi, shi ma wankakke gogagge, ya ɗara fuskar da inci 2 ta kowane gefe. Ki share siminti ko tayil, ki shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ki danne gefunan da littattafai ko duwatsu, a miƙe amma ba a ɗame ba. Ciki ya hau kai, fuskar bargon ta hau sama tana kallonki. Ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har babu tattara. Sai ki kama ukun da ɗinkin wucin gadi mai manyan taku, da zare mai launin da zai fito fili don cirewa daga baya, ko da fil mai makulli. Daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Gwiwa za ta yi ciwo, amma wadda ta tsallake wannan za ta juya bargonta a ƙarshe ta tarar da shafin ya naɗe an ɗinke shi a haka.

Yanzu ɗinkin da ke mayar da hawa uku bargo. Hanya mai sauƙi kuma mai kyau ita ce ki ja layi da rula daga kusurwa zuwa kusurwa ta cikin gidajen marasa zane, ki bi, sannan ki ratsa ta ɗaya ɓangaren. Zaren ɗinkin hula mai ɗan kauri yana fitowa da kyau a nan. Ki ƙulla bakin zaren ƙulli ƙarami, ki soka allura ta fuska kaɗan nesa da inda za ki fara, ki fito a wurin farawa, ki ɗan fizga har ƙullin ya shige ciki ya ɓuya. Hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa yana jin tsinin allura don tabbatar ta ratsa duka. Taku huɗu ko biyar a inci ɗaya ya wadatar. Daidaituwar takun ta fi ƙanƙantarsa, kuma hannu da kansa zai daidaita bayan layi na uku ko na huɗu. Yatsan da ke tura allura ki sa masa 'yar fata ko ki naɗe shi da filasta. Nan ma daga tsakiya ake farawa, ki naɗe ɓangaren da ba kya aiki a kai ki ɗora a cinya. Wadda ba ta da lokaci tana iya ɗaure bargon maimakon ɗinki: a kowace mahaɗar gidaje ta soka zare mai kauri ya fita baya ya dawo, ta ƙulla sau biyu ta yanke ta bar ɗan geza.

Baki shi ne ƙarshe. Ki daidaita ciki da fuska da almakashi, a hankali kada ki haɗa da shafin. Shafin ki rage shi ya saura inci 1 a kewaye. Ki kalmasa rabin inci, ki sake kalmasowa ya hau kan fuskar, ki kama da fil ki ɗinke. A kusurwa ki fara lanƙwaso tsinin ciki kafin gefuna biyun, sai su haɗu tsaf. Bakin bargo shi ke fara mutuwa, don haka in na yau da kullum ne, ki yi masa baki daban: sili 5 masu faɗin inci 2 da rabi daga faɗin yadi, a haɗa su dogo ɗaya, a ninka biyu a tsawo, a ɗinka ta fuska a juya a kama ta baya. In ya cinye bayan shekaru sai a cire a sa sabo.

Abu biyu game da yara. Ki ƙirga fil da allurarki kafin zama da bayan tashi, ki shafa bargon da hannu ko'ina kafin ya je hannun kowa. Sannan jaririn da bai kai shekara ba, ma'aikatan lafiya suna hana a lulluɓe shi da abu mai nauyi yana barci, saboda numfashi. Ki ba mai jego a matsayin shimfiɗar da za a kwantar da shi a kai da rana ana kallonsa, lulluɓa sai ya girma.

Dogayen sili-silin nan da suka fi yawa a ledar tela, waɗanda ba za su ba da murabba'i ba, su ne aikinki na biyu. Ki yanka tsohon yadi inci 8 da rabi ya zama gindi, ki ɗora sili ɗaya a tsakiya a karkace, ki kifa na biyu a kansa ki ɗinke ki buɗe ki goge, haka har gindin ya rufe, sannan ki juya ki datse abin da ya zarce. Faɗinsu ba sai ya zo ɗaya ba. Allo ɗaya irin wannan, in an yi masa ciki mai kauri na auduga, ya zama abin sauke tukunya. Huɗu sun yi rigar matashi ko jakar Islamiyya. Sai hannu ya faɗa sannan ki tunkari babban gado mai ƙafa 6 da 6, wanda ke son allo 7 sau 7 na inci 12 don bargon ya sauko ta gefe, gida 441.

Wankinsa da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a matse a hankali ba a murɗe ba, a shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin. Rana tana koɗar da atamfa. Kafin ki bayar ko ki fara amfani da shi, ki yanki ɗan farin ƙyalle ki ɗinka sunanki da shekara da zare, ki manna a kusurwar shafi. Ni ina ƙarawa da littafi: nakan manna guntun kowace atamfa in rubuta inda ta fito. A bargon da na yi wa 'yata akwai ankon bikin ƙanwata, mai ganye kore, da zanin sunan yarinyar ita kanta, da wani shuɗi mai tsuntsaye daga zanin da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take ɗaurawa in za ta shiga madafa. Gida uku kacal na samu daga gefensa, sauran duk ya sirance, na sa su a layin sama inda hannun yarinyar ke kamawa in ta ja bargon.